Batirin da Ke Ƙarƙashin Kujera

Shekarar da fetur ya gagari talaka na sayi ƙaramar jif ta hannu, irin mai aiki da fetur da batir, wai don in huta da tsadar mai. Kamar yadda kowa ke yi, na ɗauki bakanikena na Ƙofar Wambai ya duba mini ita. Ya buɗe bonet, ya murza baƙin mai a yatsa, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, injin nan ko tari ba ya yi." Ina zai yi tari? Ashe bai ma tashi ba, a kan batir motar take. Dillali na gefe yana jan carbi, ya san babban batirin da ke ƙarƙashin kujerar baya ya kusa mutuwa, ya karɓi kuɗinsa.

Kafin damina ta fita batirin ya mutu, sabo kuwa ya fi ƙarfina.

Mai son irin wannan mota ya sa a auna batirin nan da na'ura kafin ya biya, don kunne ba ya jin ciwonsa. Tawa tana ƙofar gidana a Gwallameji, kullum nakan wuce ta in tari keke. Har yau ko tari ba ta yi.