Kwandon Duwatsu na Mami Limunga

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ko a taron matan coci aka ce Nalova ta yi magana, sai in ji harshena ya yi nauyi. Na roƙi ƙawata Enanga ta rubuta, tunda ita ta yi makaranta mai zurfi. Ta ce, "Ni gwiwata lafiyarta ƙalau. Ke da aka yi wa aiki, ke za ki yi godiya." Sai na ari biron mijina, na zauna a bakin ƙofa ina kallon babban dutsen da garinmu ke gindinsa, gajimare ya rufe shi, ya sake buɗe shi, sannan na fara.

Mami Limunga takan riga kowa tashi a unguwarmu da ke saman Buea. Ta hura wuta, ta ɗora tukunyar ruwa, ta ajiye kwalbar alayyadi kusa da murhu don ya yi ɗumi. Sai ta jawo dogon bencinta baranda, ta jingine sandarta, ta zauna jira. Can sai ka ga masu gudu suna fitowa daga cikin gajimare ɗaya bayan ɗaya, kamar dutsen ne yake haifo su, takalman roba duk taɓo, tururi na tashi daga kafaɗunsu. Kowa ya zauna ya miƙa mata ƙafa. Takan lumshe ido ta bi ƙafar da yatsu tun daga dunduniya har cinya, inda ta tsaya kuwa nan za ka ji ƙato ya kira sunan uwarsa.

A ƙarƙashin rufin barandar akwai kwanduna a rataye, irin waɗanda muke goyawa mu sauko da gwaza daga gona. Kowane kwando da mai shi. Wanda ya zo da ciwon gwiwa, kuma jiki ya yi masa yawa, Mami takan ba shi guda. Ƙarshen wata ta ɗora shi a kan wani tsohon sikelin auna buhun wake. Abin da ya ragu a jikinsa, sai ta auna baƙaƙen duwatsun bayan gida daidai nauyinsa ta zuba a kwandonsa. In kuwa ƙaruwa ya yi, a gaban kowa za ta kwashe. Mola Ikome direban tasi, nasa yakan kai rabi kafin Kirsimeti, bayan Kirsimeti a juye shi tas.

"Mola, ina duwatsuna?"

"Mami, sikelin nan naki ya tsufa."

"Sikelin ne ya cinye akuyar bikin ƙanwarka? Ɗaga rigar mu ga inda ka ɓoye su."

Yaran yanzu ba su san ita ma ta yi gudu ba. Tsofaffi sun ce da ƙuruciyarta dakon kayan masu hawa dutse take yi, kuma ta shiga tseren hawa dutsen da ake yi duk shekara, ta taɓa ƙololuwa ta dawo da ƙafarta. A gangara gwiwarta ta lalace. Ba wanda ya ce mata ta huta, ta ci gaba da ɗaukar kaya har ƙafar ta daina lanƙwasuwa. Daga nan ta koma shara a wani ƙaramin asibiti, inda wata nas ta koya mata yadda ake motsa ƙafar da ta ji ciwo. Shi ya sa har yau, in ta taɓa gwiwa ta ji abin ya fi ƙarfin hannunta, takan ce, "Wannan ba tawa ba ce. Tashi ka je a ɗauki hoto."

Ni ma na yi gudu ina budurwa. Ban taɓa cin kyauta ba, amma na san wurin nan da daji ke ƙarewa ciyawa ta fara, inda iska take da sanyi, gari duka yana ƙasa da kai, teku kuma can nesa kamar an shanya zane. Da na haihu, surukata Iya Mojoko ta zo jego, ta yi mini abin da ake yi wa wadda ake so: farfesu da safe, gurzajjiyar gwaza a ganye da miyar manja da rana, agade da yamma. In na ture kwano ta turo shi. Haihuwa ta biyu ma haka. Kowa ya ce na yi kyau, aure ya karɓe ni. Amma in zan sauko daga gona sai ina dafa itatuwa, gwiwar dama kuma ta kumbura ta yi zafi. Gudu ya koma sai a mafarki. A can nake ganin kaina cikin ciyawar nan, da jan kallabina na dā, ƙafata ko ƙasa ba ta taɓawa. In farka in dafa bango kafin in miƙe.

Ranar da na je wurinta, sai da kowa ya watse na iya buɗe baki.

"Mami, in na rage jiki, zan sake gudu?"

"Ɗaga murya, 'yar nan, ba gwiwar kike tambaya ba." Ta matsa nan, ta matsa can. "Ke 'yar gona ce. Da cikakken kwando da wanda ba kome, wanne gwiwa ta fi so a gangara?"

"Wanda ba kome."

"To, kin amsa rabi. Ɗayan rabin ga shi." Ta ɗan mari cinyata. "Wannan ce ke riƙe gwiwa, taki kuwa ta zama kunu. Ciwo zai ragu, wannan na sha gani. Gudu kuwa ban yi miki alkawari ba, sai abin da ƙafa ta ce."

Ta rataya mini kwando. Ta sa ni zauna-tashi a kan benci, da hawa matakala in sauko a hankali, da tafiya a inda ƙasa ta shimfiɗu. Abinci ba ta hana ni kome ba, kwano kawai ta ce in canja. Wani wata gaggawa ta kama ni, na koma shayi zalla. Sikeli ya nuna na sauka sosai, ina ta murna. Ta dubi idona, ta dubi jaririn da ke bayana.

"Me kika ci jiya?"

Na ce shayi.

"Dutsen yunwa ba ya shiga kwandona. Yunwa cinya take fara ci." Ta zubo mini wake ta tsare ni sai da na cinye. Watan nan ko tsakuwa ban samu ba.

Kwandon ya fara nauyi sai Iya Mojoko ta tayar da magana. Ta ce a coci an fara tambayarta ko ciwo nake yi, ko kuwa ɗanta Ekema ne ya kasa ciyar da ni. Ta ce kada in ƙara taka barandar nan. Ni ba na iya musu da babba, sai na daina zuwa. Kwana kaɗan sai ga Mami a ƙofar gidanmu, da sanda a hannu, da kwandona a bayanta, tana jan ƙafa.

"Mojoko, zo ki taya ni sauke kaya."

Iya ta kama, ta yi nishi. "Ke Limunga, kanki ɗaya kuwa? Duwatsu kike yawo da su da wannan ƙafar taki?"

"Daga gidana zuwa nan kawai na ɗauko, har kin ce na haukace. Yarinyar nan a dā da su take kwana, da su take zuwa gona, a kansu take ɗora gwazarki ta sauko."

Iya ta dubi kwandon, ta dube ni, ta sake ɗaga shi. "Wato duk gwazar da na gurza da hannuna ita ce ta koma dutse?"

"Ba duka ba. Sauran ta koma jikokinki, ga su can kamar 'ya'yan giwa."

Iya ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce, "To, na ji. Amma in ta zama tsinke, ke zan kama." Tun daga ranar da ƙaramin kwano take zuba mini, sai dai takan danna shi sosai.

Damina ta zo ta wuce. Wata rana na sauko daga gona, har na iso gida kafin in tuna ban dafa ko itace ɗaya ba. Ciwon bai tafi duka ba, in ruwa zai sauko gwiwar takan riga kowa sani, amma ya ja baya. Duk ƙarshen wata in dubi Mami, ita kuma ta gane tambayar, ta ce, "Ba yau ba." Tseren shekara ya zo, na tsaya a bakin hanya da goyo ina kallon ƙafafun mutane. "Ba yau ba."

Sai ga labari cewa Mami za ta ajiye aiki. Yatsunta sun kumbura, ko kwalbar alayyadi ba ta iya buɗewa, 'yarta kuma za ta tafi da ita Limbe, bakin teku, inda sanyi bai kai namu ba. Ranar sallama barandar ta cika. Kowa ta sauke masa kwandonsa. Mola Ikome ya rungumi nasa, wanda ba kome a ciki, yana share hawaye da hula. Ni ina can baya, na riga na haƙura cewa da amsata za ta tafi. Sai ta kira ni. Ta daɗe tana bin gwiwar da yatsun nan masu ciwo. Ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya, na durƙusa kaɗan, na miƙe. Ta ce, "Gobe."

Sai ta ci gaba:

"Kuma kada ki zo tasha ki tsaya kina mini kuka. Ki ɗaura jan kallabin nan da kike ba ni labari, ki bi hanyar gona. Sama kawai, a hankali. Dawowa da tafiya, kin ji ko? Zan leƙo ta tagar mota."

Mami, ke ce wadda dutse ya karɓe wa ƙafa, amma ba ki yi fushi da shi ba, kika zauna a gindinsa kina gyara masa 'ya'ya. Ke ce ba ki taɓa sayar mana da ganyen narkar da teɓa ba, ba ki taɓa ce wa kowa ya ji kunyar jikinsa ba. Kin sa mun ɗaga nauyinmu da hannunmu, muka tausaya wa gwiwarmu. Waɗanda suka ci tsere an ɗauki hotonsu, ke kuwa hannunki yana cikin hoton, a kan kowace ƙafa, ba wanda ya gani. Uwar masu gudu, mun gode. Allah ya ɗumama miki yatsun nan a bakin teku.

Ku kuma da kuka rage, bencin yana nan, sikelin yana nan, duwatsu kuwa ba sa ƙarewa a garinmu. Wanda ya koyi wani abu a hannunta kada ya bar shi ya kwana a cikinsa. In kun ga wata tana dafa itace a gangara, ku tsaya ku tambaye ta. Ku faɗa mata gaskiya yadda Mami ke faɗa, ba ƙari, ba alkawarin da ba ku da iko da shi.

Washegari na tashi, na goya wa Iya Mojoko jaririn. Ta dubi kallabin ta ce, "Ki dai dawo ki ci abinci." Na juye duwatsun a bakin hanyar gona, na rataye kwandon a reshe. Gajimare ya sauko ƙasa sosai a safiyar nan, ko gonar gabana ba na gani, balle titin da mota za ta bi, kuma na san ita ma ba za ta hango kome ba. Na yi tafiya har jikina ya yi ɗumi. Sai na ɗaga ƙafar dama, na sauke ta, na saurara. Ba ta ce kome ba. Na ɗaga ta hagu. Ba irin gudun mafarki ba ne, ƙafata tana taɓa ƙasa, ina jin kowane dutse, numfashina yana fita da ƙyar. Can ƙasa, cikin farin gajimaren, na ji wata mota ta yi ham sau biyu. Ban san ko tasu ba ce. Na dai ɗaga hannu, ban tsaya ba.