Mai Hagu da Murfin Zarto

Kullum da safe, kafin a tada inji, Mai Hagu yakan tsuguna ya laluba ƙarƙashin teburin yankan katako, ya zaro murfin ƙarfen da aka jefar jiya, ya ɗaure shi a bakin zarton. Kafin rana ta take tsaka an sake cirewa, don mai wurin ya ce murfin yana rage sauri. Washegari ya sake ɗaurawa. Shekara da shekaru haka ake yi.

Wannan zarton ne, ranar da ba murfi, ya cinye masa yatsu uku na dama. Da can kafinta ne mai zafin rai, ƙusa ta lanƙwashe ya yi jifa da guduma. Sai ga shi kwance a ɗaki, ko maɓallin riga ya gagare shi. Matarsa ta ce ta ɗaura masa na wata guda, ranar nan ta naɗe hannu.

"Baban yara, yau kai za ka ɗaura."

"Ke, mugunta ce ko me?"

"Kira ta yadda ka so. Ina nan zaune."

Ya yi ta fama yana huci, ita tana ɓoye hawaye, har maɓallin ya shiga. Daga nan ya koya wa hagu cokali, ya koya mata guduma.

Da ya koma aiki fa? Tsintsiya aka miƙa masa! Mutumin da ya ƙera teburin da mai wurin yake jingina a kai. Wallahi da ni ne da na watsar. Shi ya karɓa, ya yi ta sharar garin katako har suka gaji suka mayar masa da gudumarsa. Abokan aiki suna tsokanarsa, "Baba, ba ka gajiya da murfin nan?" Sai ya ɗaga musu hannun daman. Ɗayansu ya rantse mini, shi kansa wata safiya katako ya zame da hannunsa, murfin ne ya tare.

Jiya aka sallame shi, ƙarfi ya ƙare. Mai wurin ya yi jawabi a kan haƙuri, sannan ya miƙa masa kyautar safar hannu. Ya saka, yatsu uku suna lilo ba kowa a ciki. Aka tafa!

Mai Hagu, kai ne katangar hannuwan mutane. Sun ci haƙurinka ba su ko ce sannu ba, to ni na ce sannu, mun gode, Allah Ya biya ka.

Ku kuma da kuka rage, na leƙo wurinku yau da safe. Murfin yana ƙarƙashin tebur, inji yana ta gudu. Don Allah wani ya sunkuya ya ɗauka, tun yatsunsa suna goma.