Fim ɗin Ƙafafu

Ƙanina ne ya fara shigo da kyamarar bidiyo gidanmu a Ƙofar Jatau. Aro ya yi daga jami'a, inda yake karatun zane, kuma washegari da safe zai mayar. Aikin jarrabawarsa ta ƙarshe ke nan. Baba kuwa ya riga ya yanke magana: in ya faɗi, ya dawo shago ya kama ɗinkin riguna.

Mun zaci fuskokinmu zai ɗauka, har na rangaɗa kwalli. Ashe ƙafafu yake so. Wai yana son a ga yadda ayari ke tafiya a lungu, kamar ruwa a kwata. Na ji haushin kwatancen nan har wuya.

Ranar za mu barka Ƙofar Galadima, mu matan gida da Inna a gaba. Ya roƙe ta, "Inna, don Allah kada ku tsaya ko'ina. Batirin ba ya jimawa."

Ta ce, "To."

Yaron nan a birni aka haife shi, amma boko ya mantar da shi yadda ake tafiya a cikinsa. Ba mu yi nisa ba muka tarar da liman a kan dakali. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, aka gaisa, muka wuce da takalman a hannu. Gaba kaɗan ga wan Baba, muka sake zubewa. Sai wata tsohuwa ta leƙo tana tambayar ƙafar Inna mai ciwo, Inna kuma ta tsaya ba ta labari tun daga farkon damina. Shi yana tafe da baya da baya, gumi na zuba, yana "ku taho mana!" Ni dai dariya ta kusa kayar da ni.

A bakin wani zaure Inna ta ja ta tsaya. An yi rasuwa a gidan, ba mu samu zuwa ba.

Ya ce, "Inna, jar fitila ta kama! In batirin ya mutu na faɗi."

Ta dube shi ta ce, "Ajiye abin nan. Mamacin nan shi ya yi maka huɗuba."

Nan dariyata ta ɗauke, tausayinsa ya kama ni. Ya dubi kyamara, ya dubi zauren. Sai ya ajiye ta a dakali ya bi bayanmu. Ko kashe ta bai tuna ba.

Haka ya miƙa wa malamansa kaset ɗin, don babu wani. Ya ci, da ƙyar. Da ya kunna mana a gida, Baba na ta tsaki, har aka zo ƙarshe: tulin takalmanmu a ƙofar zaure, sai ga ƙafafun ɗansa sun shigo hoton, sun tsaya jim, sun tuɓe nasu.

Baba ya ce, "Mayar da wurin nan in gani."