Ranar da Wendell Ya Tuɓe wa Karnuka

Labarin da ke yawo a garinmu Lamesa shi ne wai Wendell Pruitt ya zauce a hamada, ya tuɓe tsirara haihuwar uwarsa, ya saka wa karnukansa biyu riga da wando, ya ɗora ɗaya a kujerar direba, shi kuma ya bi motar a guje yana haushi. Matar mai aski har rantsuwa take yi wai ta ga hoton. To ƙarya ce, kuma ni ya kamata in gyara, tunda abokin wasana ne, uwarsa gwaggona ce. Da gajeren wando a jikinsa. Da takalmi ƙafa ɗaya. Kuma babu karen da ya tuƙa mota, ko da yake da kare ne a kan sitiyarin, da an sha mai a kan lokaci.

Wendell direban bas ɗin makaranta ne tun kafin gashin kansa ya gudu ya bar shi. Yaran da ya fara ɗauka, yanzu jikokinsu yake ɗauka. Mutum ne mai tsayi kamar falwaya, maganarsa a rana ba ta cika cokali. Abin alfaharinsa ɗaya a duniya: mai bai taɓa ƙare masa a hanya ba, kuma bai taɓa shiga gidan mai ba sai allurar awon mai ta kusa kwanciya. Ya ce direban da ke shan mai da rabin tanki matsoraci ne.

Matarsa Marlys ta rasu bara waccan. Ta bar masa abu biyu: hoton wani kwazazzabo na gandun gwamnati da ke can hamadar kudu, wanda ta manna a ƙofar firji tana cewa wata rana, da kuma Biskit, tsohuwar karya mai guntun hanci da jiki kamar buhun gari. Tun rasuwar, Biskit ke kwana a gefen gadon da Marlys ta bari. Ɗayan karen, Kanar, matashi ne marar hankali, tsintarsa aka yi a bayan kanti.

Direban makaranta ba shi da hutu sai tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman takalmi. Shi ya sa Wendell ya sayi tsohuwar motar gida, mai gado da murhu da bayi a ciki, ya kwashi karnuka da yayarsa Darlene, suka nausa kudu a watan Yuli.

A gidan mai na ƙarshe kafin gandun, Darlene ta leƙa allura.

"Tsaya ka sha mai."

"Ya fi kwata, Yaya. Zai kai mu ya dawo da mu."

"Uban taurin kai. Haka ka fito, da ƙafa ka zo duniya don kar a ce ka bi hanyar kowa."

Ya wuce. Kuma a lissafin bas, gaskiyarsa ce. Abin da bai sani ba, janaretan irin wannan mota daga tanki ɗaya yake sha da injin, kuma da gangan aka yi bututunsa gajere. Da mai ya sauka kwata, janareta ya mutu, don kar mutum ya shanye na komawa gida. Duk masu motar gida sun san haka. Wendell bas ya sani.

A gandun ba a shiga hanyar ƙafa da kare. Saboda haka kowa ke yin abin da Wendell ya yi: ya tada janareta, ya kunna iyakwandishan, ya cika kwanon ruwa, ya ja labule, ya kulle ƙofa. Ya shafa kan Biskit ya ce, "Zan gano miki wurin nan na dawo." Makullin ya miƙa wa Darlene, don aljihunsa a huje yake. Babu wata mota a filin sai tasu.

Suka fara hawa. Hamada shiru gare ta, har ƙugin janaretan yana biye da su a baya kamar ƙudan zuma. Wendell yana tafe yana jin sa, hankalinsa kwance. Darlene da gwiwoyinta suna can baya suna gardama da kowane dutse, har ya ba ta rata mai yawa. Ya sha kwana ke nan, ga bakin kwazazzabon can gaba, jan dutsen nan na jikin firji ya fara leƙowa, sai ya ji kunnensa ya yi wani iri.

Ya tsaya. Iska. Numfashinsa. Babu ƙugi.

Ya jira ko iska ce ta juya. Bai dawo ba. Bai ma san tun yaushe ya ɗauke ba, don rabonsa da saurara tun wancan hawan. Mutum ne da ya san yadda bas ke zama idan ta yini a rana da tagogi a rufe, yadda ƙarfen kujera ke ƙona hannu. Ya juya.

Bai bi hanyar da ta yi ta lanƙwasa ba, ya yanke kai tsaye ta gangare, cikin ƙaya da tsakuwa. Mutumin da rabonsa da gudu tun ranar da zakaran gwaggo ya bi shi. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Ƙirjinsa kamar ana hura wuta. Sai da ya dafa ƙofar motar, ƙarfen ya gasa masa tafi, sannan ya tuna: yanken da ya yi ya tsallake Darlene, makulli yana jakarta.

A ciki Kanar yana ihu yana yaƙushin ƙofa. Biskit ba a jin ta.

"Biskit," ya ce. "'Yar tsohuwa."

Ya jijjiga ƙofar, a kulle gam.

Ya ɗauki dutse ya rotsa tagar ƙofar, ya zura hannu ya buɗe. Zafin da ya fito ya mare shi kamar an buɗe tanda. Gilas ya watsu ko'ina, har cikin kwanon ruwa. Biskit tana kwance ƙarƙashin tebur, harshe waje ya yi duhu, cikinta na bugawa da sauri-sauri, idonta a buɗe amma ba shi take kallo ba.

Ya tuɓe riga da wando ya jiƙa su a famfon motar. Ruwan ma da ɗumi, amma shi ke akwai. Ya sungume ta ya fita, ya shimfiɗa wandon a inuwar ƙarƙashin mota, ya kwantar da ita, ya dinga matse mata rigar a ciki da hammata da tafin ƙafa. Kanar ya diro, kwalta ta ƙone shi, ya hau rawa yana kuka. Wendell ya cire takalmi ɗaya, ya zare safa, ya cire ɗayan ya zare, ya cusa wa Kanar a ƙafafun gaba, ya tura shi inuwa. Takalmi ɗaya ya mayar. Ɗayan ya zama kwano, yana ɗingishi a kan gilas da kwalta, ya cika ya kawo, ya cika ya kawo.

Ba ta sha ba. Ya kwanta rub da ciki a kan tsakuwa, fuskarsa kusa da tata, yana ɗiga mata ruwa a dasashi da yatsa.

"Kar ki yi min haka," ya ce. "Marlys ta yi min. Ke kar ki yi."

Haka Darlene ta same su, tana haki, fuska kamar tumatir. Ta zaro makulli daga jaka. Ta tada injin, ta ƙure iyakwandishan ɗin gaba, suka ɗora Biskit daidai bakin iskar. Ita ta ja motar. Wendell yana zaune a ƙasa, hannunsa a kan haƙarƙarin karyar, jini na bin diddigensa. Asibitin dabbobi yana can wani gari, hanya miƙaƙƙiya babu ko bishiya.

Sun yi nisa kafin Biskit ta ɗaga kai. Ta kalle shi, ta kalli takalmin da ke gefensa, ta zura baki ta fara lasar ruwan da ke ciki.

"Ta sha, Yaya."

"Na ji," in ji Darlene, tana share ido da bayan hannu. "Yanzu kuma ranka ya daɗe ya yarda a sha mai, ko sai mun tura?"

A gidan man nan ne jama'a suka gan shi, ya fito da gajeren wando da takalmi ɗaya, Kanar na biye da safa. Daga nan labari ya riga su isa gida. Likita ta ce Biskit za ta rayu. Kwazazzabon kuwa har yau bai gan shi ba sai a firji.

Ran Lahadin da ta wuce na same shi a bayan gida yana gasa nama, ƙafa a naɗe, Biskit kwance a kan lafiyayyar. Na ɗauki faranti na ce, "Sarkin tanki, ashe kai ma kana gudu? An ce har barewa ta tsaya tana koyo. Ka kai bakin wurin da ka yi shekaru kana mafarki, ka juyo saboda karya?"

Ya juya naman, bai ko kalle ni ba.

"Da kai ne a cikin motar nan," ya ce, "da na ƙarasa, na zauna na ci abincina, na ɗauki hoto, na sauko a hankali da takalmana duka biyu."