Ranar da Goggo Ta Ajiye Filaya

Ranar Litinin, 7 ga Oktoba, 2024, Goggo mai sharar cocinmu ta ajiye filayarta ta lanƙwasa waya, bayan shekara arba'in da ɗaya tana gyara wa jama'a carbin Rosari. Carbin yana da ƙwaya hamsin da tara: hamsin a rukuni biyar na goma-goma, sauran tara kuma a tsakankani da wajen gicciye. Na kawo wannan lissafi ne domin a kan ƙwaya ɗaya tak al'amarin ya tsaya.

Kullum idan ta gama shara da safe, sai ta shige ɗan ɗakin da ake ajiye tsintsiya, ta zauna dab da taga. Gabanta gwangwanin madara ne cike da ƙwayoyin da ta tsinta a ƙarƙashin benci, da naɗin siririyar waya. A nan take lanƙwasa waya, ta haɗa abin da ya tsinke. Amma tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba: ba ta mayar wa kowa carbinsa a hanya.

"Ka zo Litinin da yamma mu gwada shi," haka take cewa.

Gwajin kuwa shi ne a durƙusa a falonta, a ja rukuni biyar ɗin nan tare da duk wanda ya zo. Da yawa sun je suna ƙunƙuni, da nufin su karɓi kayansu su fice, yau ga shi sun shekara ashirin suna zuwa. Na shaida ranar da ta sa wa wani kafinta da ƙaninsa Litinin ɗaya, alhali sun shekara uku ba sa ga-maciji. Babban ya ja rabin farko na "A gaishe ki Maryamu", addu'ar da ake yi a kan kowace ƙwaya ta goma-goman nan, ƙaramin ya rasa yadda zai yi, ya amsa rabin ƙarshe. A shekarar 2002 da aka ƙara wa Rosari sababbin darussan bimbini da ake kira asiran haske, Goggo, wadda ba ta karatu, ta tsare Katikis, malamin cocinmu, a ƙofar ofishinsa har sai da ta haddace su duka biyar.

Goggo, ke ce mai ɗinke abin da ya tsinke. Ke ce kika nuna mana cewa mai neman tsarkin rai yana bukatar wanda zai amsa masa addu'a.

A watan Agustan bara ne muka lura direban motar makaranta yana riga kowa kaiwa "Ɗaukaka ga Uba", addu'ar rufe kowane rukuni, a rukuni na uku.

"Kai direba," in ji wata nas da ke cikinmu, "har a addu'a ma gudu kake? Taka birki mana!"

Aka yi dariya. Da muka fito, sai ya ja mu gefe, ya nuna mana carbin da Goggo ta gyara masa. Rukuni na uku ƙwaya tara ne. Idonta ya fara gazawa. Muka tsaya cirko-cirko a bakin titi, kowa ya san abin da ake tsoro: idan Goggo ta daina gyara, babu sauran abin da zai jawo sabon mutum falon nan, ga carbin roba ya cika ƙofar coci, wanda in ya tsinke sai a yar. Muka yi shawarar a yi shiru. Direba ya riƙa ƙara ɗaya a zuciyarsa.

Shirun bai kai wata biyu ba. Ran nan ana gama addu'a Goggo ta miƙa wa direba hannu.

"Ɗana, ba ni carbinka. Kai da kake gaba, yanzu sai ka tsaya kana jiran bakin mutane?"

Ta bi ƙwayoyin da yatsa, sau biyu. Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe ɓoye mini kuke yi? Ni zan rage wa Uwarmu Maryamu gaisuwa, ku kuma ku tafa mini?" Ta ɗauko filayar ta ɗora a kan tebur. "Ga ta nan. Wanda ya ga zai iya, ya ɗauka. In babu, ku san yadda za ku yi da Litinin ɗinku."

Ba wanda ya ɗauka. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mun gode, Goggo, Allah ya saka miki. Ku kuma masu karatu, ku duba unguwarku: akwai irinta a can, kada ku bari sai ta ajiye kayan aiki kafin ku nemi koyo a hannunta.

Filayar ta yi mako uku a kan teburin. A Litinin ta huɗu ƙanin kafinta ya ɗauka, da sharaɗin Goggo za ta bi kowane carbi da yatsa kafin ya fita, kuma dokar gwaji tana nan. Direba ya hana a taɓa nasa. Har yau rukuni na uku ƙwaya tara ne, ta goma kuwa Goggo ce take ja masa da babbar murya.