Waken Yaya da Takardar Kotu

A duk abin da ɗan Adam ya ƙago don kare mutuncinsa, ban ga kamar takardar izinin bincike ba. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa ko basarake ba ya tsallake zauren talaka sai alƙali ya sa hannu. Har kan allo nake rubutawa.

Ranar da na fara ganin takardar da idona, a gidan yayana ne. An sace injin ban-ruwa a wajen Watari, wani ya tsegunta wai an kwance shi an cusa a buhunan hatsi a ƙauyenmu. 'Yan sanda suka zo da hantsi, mai unguwa na biye da su yana kallon ƙasa. Yaya ya aika a kira ni.

"Malam, kai ka yi boko. Duba mana."

Na duba. Ga sa hannu, ga hatimi, sunan gida daidai. Na juya bayanta, ko Allah zai sa. Ban taɓa ba ɗalibi maki cikakke ba, amma wannan takarda ta ci.

Waken Yaya na shekara yana cikin irin buhun nan mai leda biyu, wanda ake ɗaurewa tam iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu a ciki. Huda ɗaya ta isa ta ɓata shi. Kofur kuwa ya zo da rodi mai tsini.

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya, "bari in kwance, in juye muku a tabarma."

"Baba, so kake mu kwana a nan? Akwai sauran gidaje."

Na ce, "Yallaɓai, takardar ta ce a bincika, ba ta ce a huda ba."

"Ta ce kada a huda, Malam?"

Na sake karantawa. Ba ta ce ba.

Kowane buhu ya sha suka ta sama da ta ƙasa. Yaya na bin su a tsugune yana toshe ramukan da tsumma, matarsa na tsince abin da ya zube. Ba zagi, ba mari. Da suka gama har haƙuri suka ba mu, mu ma muka yi musu godiya, muka raka su bakin mota.

Ba su sami ko noti ba. Sabon buhu sai ranar kasuwar Makoda, Yaya ya samu kaɗan, sauran ya liƙe da salatif.

Kafin ruwan farko waken ya zama gari.