Motar da Kawu Altine ya saya don jan ɗaki

Duk wanda ya san Kawu Altine ya san bai taɓa kallon mota ta gaba ba. Mutane na yaba fitila da fenti, shi kuwa sai ya zagaya baya, ya tattara babbar riga, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashi kamar mai neman kazar da ta ɓace. Ranar bikin ƙanwata a Gesse haka ya yi wa motar amarya, ga kaya sun sha ado, ga mata na guɗa. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce da ƙarfi, "Wagga ba ta jan ko akuya." Uban ango ya yi wata bai gaishe mu ba.

Abin ya samo asali ne lokacin da masu aikin hanya suka gama suka tashi, suka bar wani ɗakin ƙarfe mai tayu, irin wanda manyansu ke kwana ciki. Da taga, da gado, har da wurin wanke hannu. Kawu ya saye shi. Mutumin da a lokacin ko keken hawa ba shi da shi!

A majalisarsu ta Gwadangaji, abokinsa Malam Buhari ya tambaye shi, "Altine, da mi za ka jan shi? Ko goya shi za ka yi?"

Kawu ya ce, "Motata za ta ja shi har gonata ta Argungu, in sha shayi cikinai kahin ruwa su cika fadama. Ba tarakta, ba babbar mota. In ba haka anka yi ba, kak ku sake ce mini Altine."

Malam Buhari ya ce sun ji, kuma har sun fara neman masa sabon suna.

To da aka tashi sayen mota, ni aka ɗauko. Wai ni Sahabi na yi yawon duniya, na je Kwatano, na je Agadas, na san mota. Ni kuwa abin da na sani game da mota shi ne kujerar da ta fi daɗin barci.

Muka je wurin wani dillali a Birnin Kebbi. Ya tarbe mu da fara'a, ya nuna mana wata 'yar Kwatano mai sheƙi. "Alhaji, ga sanyi, ga rediyo, giya ma da kanta take shiga."

Kawu ya ce, "Da kanta? Ba ta shawara da kowa?"

"Ai shi ne zamani, Alhaji."

"Ina da irinsu gida, ɗiyan zamani. Ba ni ƙarawa."

Dillali ya nuna mana wata ƙarama. Kawu ya zagaya baya, ya hau kan but ya zauna. Gaban motar ya ɗaga kamar tana gaida gwamna. Ya sauko ya ce, "Ni kaɗai ta kasa, ina ga ɗaki? Sahabi, ka riƙe wanga: in ɗaki ya hi mota nauyi, ɗakin ne direba." Ya tambayi birki, ya tambayi kuloci, ya buɗe lagireto ya sansana ruwan. Dillali ya jawo ni gefe ya ce, "Don Allah, mota yake nema ko surukar gida?"

Can ƙarshen fili, bayan tarin tsofaffin tayu, Kawu ya hango ta. Doguwa, mai faɗin baya, fentinta kala uku kuma babu wanda ya dace da wani. Amma tana da ƙugiya a baya, kauri kamar damtsen maƙeri. Kawu ya shafa ƙugiyar nan kamar kan jikansa. Dillali ma ya manta tana cikin kayan sayarwa.

Da muka kai ta gida, matarsa Inna Kulu ta leƙo, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, ba cikin wagga anka kawo ni gidanka ba?"

Ya ce, "Ke ma ai har yau kina aiki."

Ranar tafiya, Kawu ya yi lissafinsa duk a kan ɗaki babu komai ciki. Bai yi lissafin Inna Kulu ba. Ita a wurinta ɗaki ɗaki ne, ba a barin shi fayau. Ta zuba turmi, taɓarya, tukwanen ƙarfe, randa, buhun gero, ga injin ban ruwa da maƙwabci ya roƙa a kai masa. Kawu na gaba yana goge madubi, bai ga komai ba.

Wallahi motar ta yi ƙoƙari. Ta ja mu, ni da Kawu da Inna Kulu, har Argungu tana nishi, masu babur na wuce mu suna yi mana sannu. Wata mai tallan fura ma sai da muka gaisa da ita sau biyu. Kawu ya ce, "Ka ji injin? Ko gumi ba ta yi ba!" Hayaƙi kuwa har cikin hular kaina.

Muna sauka kwalta muka shiga hanyar fadama, sai laka ta ce ga ni. Tayun baya suka nutse, suna juyawa wuri ɗaya. Ga hadari ya fara haɗuwa gabas, ga gonar muna hangen ta. Wani manomi da ke wucewa da shanun huɗa ya tsaya ya ce, "Baba, a kwance ɗakin in ja maka shi."

Kawu ya zabura. "Kak ka taɓa ɗakin! Ɗaure su ga mota."

"Ga mota, Baba? Ai nauyin ya zama biyu."

"Ɗaure su, na ce."

Haka muka shiga gona: shanu a gaba, mota a tsakiya, ɗaki a baya, ni da Inna Kulu muna turi, Kawu na riƙe da sitiyari har da kunna sigina.

Kafin ya sauko ya nuna ni da yatsa. "Sahabi, kai ne shaida. Mi yaj ja ɗaki?"

Na ce, "Mota, Kawu."

"Shanu hwa?"

"Mota suka ja."

"To wannan tsakaninsu ne da ita."

Ya sha shayinsa, ruwa na dukan rufin ƙarfe har ba ma jin juna. Da muka koma majalisa, Malam Buhari ya yi gardama har ya gaji, amma sunan Altine bai canza ba.

Bayan wannan shayin, ban ƙara ganin Kawu a cikin ɗakin ba. Matan da ke zuwa cirar albasa ya bar wa, su kwantar da jariransu a inuwa, shi yana waje kan buhu yana korar masu surutu kada su tashe su. Bara da muka kai shi makwancinsa, matan nan sun cika ƙofar gida, wasu ko sunansu ba mu sani ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Altine, Ya yi masa inuwa ranar da babu wata sai taSa, Ya sauƙaƙe masa nauyin da ke gaba. Amin.